Yadda Ake Tsara Karatun Shekara, a Rubuta Sharhi, a Kuma Tsare Littattafai a Kano

Tambaya: Wata malamar firamare da ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi ta aiko da cewa tun tana yarinya take son karatu, littattafai sun taru mata har kwali uku, amma da yawansu farawa ta yi ta ajiye, wasu kuma gara ta fara taɓa su. Kowace shekara takan ɗaura niyyar karanta littafi 50, sai shekara ta ƙare ko 10 ba ta haɗa ba. Tana kuma sha'awar rubuta sharhi, sai dai duk sanda ta zauna rubutu sai ta tarar labarin kawai take sake bayarwa. Tana neman a nuna mata ta inda za ta kama.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Matsala uku kika lissafo, amma biyu daga ciki uwarsu ɗaya: kina karatu babu alƙalami a hannu, kuma kina auna karatunki da yawan littattafai. A kan waɗannan zan fi daɗewa. Maganar gara mai sauƙi ce, za ta zo daga baya.

Mu fara da 50 ɗin nan. Littafi ba ma'auni ba ne. Akwai ɗan littafin waƙoƙi mai shafi 40 da za ki gama tsakanin La'asar da Magariba, akwai na tarihi mai shafi 600 da zai ci miki wata biyu, kuma kowannensu "ɗaya" za ki rubuta masa a lissafi. Mai ƙirga littattafai, ko dai ya riƙa gudun manya don adadi ya cika, ko ya ga an shiga Afrilu yana kan na uku, gwiwarsa ta yi sanyi, ya watsar da tsarin gaba ɗaya. Shafi da minti ake aunawa. Wannan lissafi ba baƙonmu ba ne. Mai son sauke Alƙur'ani a watan azumi ba ya tsayawa a kan niyya kawai. Ya san izu 60 ne, ya san izu biyu zai yi kullum, har yakan raba su a kan salloli. Haka za ki yi wa sauran karatunki.

Ki ɗauki littafin da kike kai yanzu, ki duba agogo, ki yi karatu na minti 15 yadda kika saba, kar ki ƙara sauri don kina gwaji. Ki ƙirga shafukan. Ki maimaita gwajin a littafi mai nauyi, na tarihi ko na Turanci, domin saurin ba zai zo ɗaya ba. A ce a ƙagaggen labari kin samu shafi 6, to rabin awa zai ba ki 12. Kar ki ninka da kwana 30. Ki ninka da 25, saboda akwai ranar baƙi, ranar suna, ranar gaisuwar mutuwa, da ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Shafi 300 ke nan a wata. Shekarar ma kar ki ɗauke ta wata 12. Ki cire watan azumi da hidimar salla, ki cire wani watan guda na duba takardun jarrabawa da haɗa sakamako, tunda koyarwa kike yi. Wata 10 sau 300, shafi 3,000. In matsakaicin littafi shafi 200 ne, kin samu littafi 15 a shekara. To kin ga wannan 10 da kike rainawa ba ta yi nisa da abin da lokacinki zai iya ɗauka ba. Hamsin ɗin ce tun farko ba ta da tushe. In kina son adadin ya ƙaru, minti za ki ƙara, kuma sai rabin awan ya zauna miki wata biyu cur kafin ki ƙara ko da minti 10.

Rabin awan nan sai an ba shi gurbi, in ba haka ba waya za ta cinye shi. Abin da ba ya tashi a yinin Bakano shi ne salla, saboda haka ki ɗaura karatun a jikin ɗaya daga cikin biyar ɗin. Bayan Asuba ya fi kowane lokaci, kai a sake, gari shiru, sai dai ga wadda za ta shirya yara ta kuma shirya kanta zuwa makaranta, da wuya ya samu in ba Asabar da Lahadi ba. Bayan Azahar a watannin Maris, Afrilu da Mayu wahalar banza ce, zafi zai sa ki maimaita layi ɗaya sau uku kina gyangyaɗi. Abin da ya fi zauna wa masu aiki shi ne bayan La'asar da sauran hasken rana, ko bayan Isha'i in yara sun kwanta. In na dare kika zaɓa, kar ki dogara da wutar lantarki. Ki tanadi fitila mai caji wadda ba ta da wani aiki sai wannan, ki riƙa ajiye ta tare da littafin, hasken ya zo ta bayan kafaɗarki ya sauka a kan takarda, kar ya haske miki ido. A zaune za ki yi, domin karatun kwance shafi biyu ne sai barci.

Shekarar ma ba bai ɗaya take ba. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, dare na da tsawo kuma ana shiga ɗaki da wuri, shi ne lokacin manyan littattafai. Dogon hutun makaranta na damina shi ma haka. Bazara ki bar wa gajerun labarai da waƙoƙi. Azumi kuwa yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, sai ki duba kalanda tun kafin ki zana tsarin, ki bar watan ga Alƙur'ani da tafsiri, kar ki ɗora masa wani nauyi.

Sai me za a karanta. Kar ki buɗe fiye da littafi uku a lokaci guda: ɗaya mai nauyi na lokacin da kanki yake a sake, ɗaya ƙagaggen labari, ɗaya kuma mai guntu-guntu da za ki iya sa wa a jaka, ki karanta a layin asibiti ko a ofishin malamai lokacin tara. Abin da ya cika miki kwali da littattafan da aka fara aka bari, yawanci shi ne shiga babban littafi a fannin da ba a share masa hanya ba. Malamanmu na zaure sun daɗe da magance wannan. Ba a ba ɗalibi Muhtasar ranar farko. Da Ƙawa'idi yake farawa, ya shiga Ahalari, Ishmawi, Iziyya, sannan Risala, kowane littafi yana buɗe masa ƙofar na gaba, kuma ba a yi masa ƙari sai ya kawo bitar na jiya. Ki ari wannan tsari. In tarihin Kano kike so, ki fara da ƙaramin littafin da aka rubuta don 'yan makaranta, ki riƙe jerin sarakuna da manyan shekaru, irin su jihadi a farkon ƙarni na 19 da shigowar Turawa a 1903, sannan ki ɗauki kundin masu digiri. Kafin ki ci gaba kullum, ki ɗauki minti biyu ki tuna inda kika tsaya jiya ba tare da kin leƙa ba.

Tunda sharhi kike son rubutawa, shawarata ita ce ki ba wa rabin littattafan bana zare ɗaya, wato ƙagaggen labarin Hausa daga tushensa zuwa yau. Ki fara da littattafai biyar da suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Baturen jami'in ilimi Rupert East. Ƙanana ne, kowanne ba zai wuce miki mako ba, kuma a nan za ki ji Hausar da aka gina rubutun boko a kanta. Ki biyo da ɗaya ko biyu daga waɗanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga wajen 1980, lokacin da labari ya fara barin aljanu da sarakuna ya shigo birni. Sannan ki shigo gida, adabin kasuwar Kano da ya ɓarke daga tsakiyar shekarun 1980, wanda marubuta suka riƙa bugawa da kuɗin aljihunsu, mata kuma suka yi masa riƙo mai ƙarfi. Ki ƙare da abin da ake rubutawa yanzu a waya da gajerun labaran gasa, irin Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016. Wanda ya bi wannan layi, in ya ɗauki sabon littafi yana iya gane abin da marubucin ya gada da abin da ya ƙirƙira. Wanda bai bi ba, komai sabo zai gan shi, ko komai tsoho.

Ba dole ba ne a gama kowane littafi. Ki ba ƙagaggen labari shafi 50. In har lokacin ba ki damu da abin da zai sami kowa a ciki ba, ki ajiye, amma ki rubuta dalili a layi biyu. Wannan dalilin shi kansa horon sharhi ne. Littafin ilimi kuwa ba a yi masa wannan hukunci da sauri, domin sau da yawa wahalarsa daga mai karatu take. Shi sai ki koma ƙaramin da ke ƙasa da shi, ki dawo.

Wajen saye, littattafan addini, na Larabci da na ajami a kasuwar Kurmi suke. Na makaranta da na hikaya ki nufi kasuwar Sabon Gari da kewayen Bata. Kafin ki biya, ki bi lambar shafuka da yatsa daga farko zuwa ƙarshe. Ana buga littafi ne a manyan takardu da ake naɗewa su ba da shafi 16 ko 32, don haka kuskuren maɗaba'a yakan zo a dunƙule: ki ga an tsallaka daga shafi 16 zuwa 33, ko an maimaita wasu 16 sau biyu, ko an ɗinka su kai a ƙasa. Ki duba tsakiya ko tawada ta dusashe. In labari mai kashi-kashi ne, na 1 da na 2 da na 3, ki saye su rana ɗaya ko ki haƙura, domin na ƙarshen ne yake fara ɓacewa a kasuwa. Amma ke da kike da kwali uku, bana ba shekarar saye ba ce. Ki sa wa kanki doka, sai kin gama biyu daga na gida kafin sabo ɗaya ya shigo. Manyan littattafai masu tsada kuma ki neme su a ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello. Na siyasa da tarihin Arewa ki leƙa Gidan Mambayya a Gwammaja, abin da ya shafi tarihi da al'adun Kano kuma Gidan Ɗan Hausa.

Karatun waya karatu ne, kar wani ya raina miki shi. Illarsa biyu ce. Ba shi da shafi tsayayye, don haka da minti za ki auna shi. Sannan saƙonni na shigowa a kan layin da kike karantawa, saboda haka ki sauke abin da za ki karanta, ki kashe data, sannan ki fara. Labarin da ake sakewa kullum guntu-guntu a WhatsApp ko Wattpad, ki bari ya taru ki karanta a dunƙule in sharhi kike nufi, domin mai bin sa kullum ɗokin abin da zai faru gobe ne ke jan sa, ba ya ganin ginin. Kuma in marubuciya ta sa wa littafinta kuɗi, ki biya ta. Karɓar wanda aka kwafo ana rabawa cin guminta ne.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a amsar nan. Ki sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, ki mai da shi kundin karatunki. Kowane littafi ki ba shi shafi biyu masu kallon juna. A na hagu ki rubuta sunan littafin, marubuci, maɗaba'a, shekarar bugu, yawan shafuka, ranar da kika fara da ranar da kika gama, sai sunayen taurari da dangantakarsu yayin da suke fitowa. Na dama shi ne wurin aiki. Duk abin da ya tsayar da ke, daɗi ko haushi ko mamaki, ki rubuta shi nan take da lambar shafinsa. Ba dogon bayani ba. Ga irin abin da ake nufi, a ce labarin wata bazawara ce mai ɗinki a Fagge:

Shafi 37, uwar miji ta shigo, duk maganarta karin magana ce, ita kaɗai ke magana haka, da gangan aka yi.
Shafi 82, an ce yaron shekararsa 5, alhali a shafi 20 an ce bara aka yaye shi, kuma ba a nuna shekaru sun wuce ba.
Shafi 110, an bar Kano an koma Abuja, labari ya yi sanyi, ba a jin ƙamshin wurin.
Shafi 146, ta yafe masa a layi uku, bayan wahalar shafi 100. Ban yarda ba.

Layi 10 zuwa 15 irin waɗannan sun ishi littafi guda. Dalilin da ya sa in kin zauna sharhi sai ki ga labari kike maimaitawa shi ne, bayan an rufe littafi abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa jerin abubuwan da suka faru ne kawai. Yadda aka faɗe su, inda aka yi gwaninta, inda zare ya tsinke, duk suna zubewa cikin kwana biyu ko uku. Sharhi kuwa a kan waɗannan ake yin sa. Wanda bai kama su yana cikin karatu ba, ba shi da abin rubutawa sai labarin.

In kin gama littafi, ki bar shi ya kwana biyu, kar ki wuce mako. Ki buɗe kundin, ki karanta abin da kika tara, ki tambayi kanki abu ɗaya: da wata ƙawarki za ta tare ki a bakin ƙofa ta ce yaya littafin nan, wace jimla ɗaya za ki faɗa mata? Wannan jimlar ita ce ƙashin bayan sharhin, sauran duk hujjojinta ne. Malaman adabi a jami'a suna duba jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe, da taurari. Ki san su, ki riƙa duba littafi da su, amma kar ki mai da su kanun da za ki cike ɗaya bayan ɗaya kamar amsar jarrabawa. Wani littafin duk ƙarfinsa a bakin taurarinsa yake, to a nan za ki zauna. Wani kuma jigonsa mai kyau ne, zubin ne ya kashe shi, sai ki nuna inda ya karkace.

Sharhi na kalma 500 zuwa 700 ya isa. Ki buɗe da bayanan littafin a layi biyu. Taƙaita labari kar ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na rubutun, kuma ki tsaya a inda rikici ya ƙullu, kar ki faɗi yadda aka warware, wannan haƙƙin marubuci ne da na wanda bai karanta ba. Sauran ki ba wa hukuncinki, kowane hukunci da shafinsa. "Littafin ya faɗakar, ya nishaɗantar, Allah ya ƙara basira" addu'a ce mai kyau, amma ba ta gaya wa kowa komai game da wannan littafin ba, za a iya liƙa ta a kan kowanne. Kwatanta da a ce: "Marubuciyar ta fi ƙarfi a hirar tsakar gida. Daga shafi 37 zuwa 41, ko an cire sunaye za ka gane wace ce ke magana. Amma da labari ya koma ofis, mazan duka murya ɗaya gare su." Wannan marubuciyar za ta amfana da shi, mai saye ma ya san abin da zai tarar.

Ki auna littafi da abin da ya ɗauko, ba da abin da kike so a ce ya ɗauko ba. Labarin soyayya ba a kama shi da laifin rashin zama littafin tarihi, amma ana kama shi in soyayyar ba ta gamsar ba. Wa'azi a cikin labari ba aibi ba ne, jama'armu na son sa. Abin dubawa shi ne ko darasin ya fito daga abin da ya sami taurarin, ko marubuci ne ya tsayar da labari ya hau mumbari shafi uku. Maganar ƙa'idar rubutu kuma ki ba ta sakin layi ɗaya tak, da misali biyu ko uku: rashin sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, raba abin da ya kamata a haɗa, ko cusa Turanci a inda Hausa ke da kalmarta. In kina shakkar wata kalma, ki duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 kafin ki ce wani ya yi kuskure.

Akwai wata matsala da ta fi damun sharhi a garin nan, ita ce kunya. Marubutan Kano sun san juna, ana haɗuwa a taro da biki, ga zumunci a waya. Sai sharhi ya koma ko dai yabon sani, ko kuma, in an ɓata, cin mutunci. Duka biyun suna kashe amanar mai karatu. Mafita ita ce ki tsaya a kan takarda. Kar ki taɓa rayuwar marubuci, aurensa, ko abin da kika ji an ce. Ki fara da abin da ya yi daidai, da gaske ba don share fage ba, sannan ki faɗi inda ya gaza da lambar shafi, da lafazin da za ki iya maimaitawa a gabansa. In littafin kyauta aka ba ki, ko marubuciyar ƙawarki ce, ki faɗa a farkon sharhin.

Sauran nau'o'in a taƙaice. Waƙa sai an karanta ta da murya, a ji ko kari ya karye, a duba amsa-amo ko an tilasta wa kalma don ta dace. Littafin tarihi ko na ilimi, ki zaɓi magana uku daga ciki ki bi diddiginsu a wani littafin, ki kuma duba ko marubucin ya faɗi inda ya samo. Littafin addini kuwa, ki yi magana a kan tsarinsa, sauƙin Hausarsa da ingancin bugunsa, ki bar hukuncin mas'ala ga malamai. Kafin ki fitar da sharhinki na farko, ki karanta shi a gaban mutane. Ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano ta daɗe tana zaman karatu na wata-wata, ko kuma ki haɗa malamai uku ko huɗu a makarantarku ku riƙa karanta littafi ɗaya kuna zama a kansa ƙarshen wata. Sharhi ɗaya a wata ya isa ga mai farawa. A makon ƙarshe na Disamba ki bi kundin daga farko, ki haɗa shafukan da kika karanta, ki ga watannin da suka yi rauni da dalilinsu, da wannan za ki zana tsarin baɗi.

Sai gara. Kwalin da kika zuba littattafan shi ne babban laifin. Gara daga ƙasa da bango take fitowa, tana son duhu da danshi, kwali kuma abincinta ne kamar takardar da ke ciki. Yau ɗin nan ki fito da su tsakar gida a inuwa, ki kakkaɓe ɗaya bayan ɗaya, ki ware waɗanda ta taɓa, ki zubar da kwalayen. Ki duba bango da ƙasan wurin, za ki ga hanyarta ta jar ƙasa. Ki kankare, a sa magani, a toshe tsagar da siminti, in ba haka ba za ta dawo. Ki sa a yi miki kanta, ta ƙarfe ta fi, in ta katako ce a shafe ta da maganin gara kafin fenti. Katakon ƙasa ya ɗaga daga daɓe da kamar santimita 15, bayanta kuma ya bar bango da faɗin tafin hannu, don iska ta wuce kuma ki iya leƙawa. Kar ki jingina ta da bangon banɗaki ko wanda ruwan sama ke duka. Littattafai a tsaye, ba a matse ba, manya masu nauyi a kwance. Ki sa ƙwayoyin kafur a kusurwoyi inda hannun yara ba ya kai, saboda guba ne in an haɗiya, ko busasshen ganyen darbejiya a ɗan ƙyalle, a riƙa canzawa. Sau ɗaya a wata ki zaro wasu ki duba bayansu, musamman a Yuli da Agusta.

Da damina kar ki ɗaure littafi a leda, danshi take riƙewa har ya yi funfuna. Da hunturu ki rataya wa kantar labule, ki riƙa share ƙura da busasshen tsumma daga gindin littafi zuwa bakinsa, yana rufe. Yawancin littattafanmu na hikaya da takardar jarida aka buga su, rana na sa ta ja ta yi ƙamas, don haka ki nisanta su da taga. Waɗanda aka ɗinke da waya, wayar kan yi tsatsa ta ci tsakiyar takarda. Ki cire ta a hankali, ki huda wuri uku a kan naɗin, ki ɗinke da allura da zare mai ƙarfi, ki ƙulle daga ciki. Kar ki liƙa yagaggen shafi da salatif, bayan 'yan shekaru zai ɓare ya bar tabo mai maiƙo. Siririyar farar takarda da ɗan farin gam irin na kafintoci sun fi. Labari mai kashi uku ko huɗu, ki kai wa masu ɗinkin kundin ɗalibai da ke kusa da jami'a su haɗe miki shi a bango ɗaya. In littafi ya jiƙe, kar ki shanya shi a rana, zai kumbura ya murɗe. Ki tsayar da shi a buɗe gaban fanka, ki sa farar takarda tsakanin shafuka kina canzawa, in ya kusa bushewa ki danne shi da abu mai nauyi ya kwana.

Abin da gara ta bari, aro ke kwashewa. Ki rubuta sunanki a shafin farko da kuma wani shafi na ciki da kika zaɓa, ki ware shafuka biyu na ƙarshen kundinki don masu aro: suna, littafi, rana. A gabansu za ki rubuta, ki kuma faɗi ranar dawowa, mako biyu ko uku. Wanda bai dawo da na farko ba, ba a ba shi na biyu. Littattafan da aka daina bugawa kuwa, wanda yake so ya zo ya karanta a gidanki.